Yadda na haɗa randar sanyi a gida da tsohuwar tukunyar Kaka

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, da ma mazan da ke leƙa kicin.

Duk mai yin cefane da kanta ta san yadda abin yake daga watan biyu zuwa watan huɗu, lokacin da tumatirin Kadawa da Kura ya fito ya cika kasuwar 'Yankaba, kwando ya sauko sosai, attaruhu da tattasai ma haka, kina gani kina so ki sayi mai yawa amma ina za ki sa? Wuta ba zama take yi ba, firjin ma in ya samu ya yi sanyi da daddare kafin azahar ya huce, ga zafin bazara, tumatirin da kika sayo ranar Asabar kafin Talata ya fara tsiyayar ruwa, alayyahu kam ba a magana, a sayo da safe kafin la'asar ya yi laushi ya kwanta. Wallahi abin na min ciwo, kuɗin da aka nemo da gumi a ƙarshe rabin kayan ya tafi bola. Shi yasa bana na zauna na haɗa randar sanyi, wato tukunya a cikin tukunya, nace bari in ba ku labarin yadda na bi tun daga neman randa har ɗinkin murfi, ko wata za ta amfana.

Ba ni na ƙirƙiro ba fa. Ƙanina da ya yi karatu a Dutse shi ya fara ba ni labarin wani malamin kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, ɗan gidan magina tukwane ne, shi ya ɗauki wannan dabara ya yaɗa ta a ƙauyukan Jigawa tun shekarun 1990, tukwane 5,000 na farko ma da kuɗin aljihunsa ya sa aka gina ya raba wa mutane. A shekarar 2000 kamfanin agogon Rolex ya ba shi kyautar dala 75,000 a kan aikin, a 2001 kuma mujallar Time ta Amurka ta sa tukunyar cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekarar, har Darfur a Sudan an kai ta. Ya rasu a 2010, Allah ya ji ƙansa. Abin da ya fi taɓa ni a labarinsa shi ne ba tumatirin kawai ya duba ba, ya duba yara mata ne da ake ɗora wa talla kullum saboda in ba a sayar da kayan lambu yau ba gobe sun lalace, yace in kayan za su iya jira to yarinya ma za ta samu ta je makaranta. Mutumin nan namu ne, a nan kusa da mu, amma gidaje nawa ne a birni suka san da aikinsa?

Yadda take aiki ba wani boyayyen abu ba ne. Randa babba, a saka ƙarama a cikinta, a cika tsakaninsu da rairayi, a jiƙa rairayin da ruwa, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan nan zai riƙa naso ta jikin babbar randar yana fitowa waje, iska na busar da shi, to duk sanda ruwa ya bushe sai ya tafi da zafi, kamar dai yadda in kika yi gumi iska ta kaɗa ki sai ki ji sanyi ya ratsa ki. Zafin da yake ja daga ciki yake jan shi, sai ƙaramar tukunyar ta yi sanyi. Shi ne kuma sirrin ruwan randa da muka taso muna sha, bambancin kawai nan kayan miya za ki zuba a maimakon ruwa.

Tukunyar ciki ban saya ba. Da Kakarmu ta rasu, Allah ya gafarta mata, aka zo rabon 'yan komatsanta kowa na ɗaukar kwanukan samira da tasoshi, ni kuma wata tukunyar ƙasa mai faɗin baki na roƙa, wadda take jiƙa gero a ciki tun muna yara. Gwaggo har ta tambaye ni, tace ke kuwa me za ki yi da wannan, nace Gwaggo ki dai bar min ita. Tun daga nan tana kife a sito, ban amfani da ita kuma ban iya rabuwa da ita. Da na zo wannan aiki sai na ga ai ita ce daidai, don tsohuwar tukunyar da ta sha gasara da hannu shekara da shekaru jikinta ya riga ya toshe, ba ta naso sosai, kuma abin da ake so kenan a ta ciki, kar ruwan rairayi ya riƙa shigowa yana jiƙa kaya. In ke sabuwa za ki saya, ki dama koko mai ruwa-ruwa ko ki dafa ruwan dusa a cikinta tukunna ki bari ya kwana sannan ki wanke, zai rage mata nason. Ta waje kuwa akasin haka ake so, sabuwa dal mai naso.

Kafin in fita na ɗauki zare na zagaya cikin tukunyar Kaka, wato inda ta fi faɗi, na ƙulla, na kuma auna tsayinta da wani zaren. Wannan kar ki raina shi, don ba girman cikin babbar randar ne kawai abin dubawa ba, bakinta ne, randa da yawa cikinsu ƙato ne amma baki tsukakke, ƙaramar ba za ta shiga ba. A wajen 'yan tukwane wani dattijo na samu, na gaishe shi na masa bayani, tun kafin in gama yace 'yata ai na gane, ta ajiyar kayan miya kike so, ya shiga can ciki ya mirgino min guda biyu masu wangalallen baki. Shi ya nuna min yadda ake gwadawa, ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa, in ta yi ƙara tar to ta gasu kuma ba tsaga, in ta yi dum-dum a bar ta. Akwai wata da ta burge ni an mata fenti da zane a jiki, nace Baba wannan fa, yace a'a, wannan ta kwalliyar ɗakin amarya ce, fenti ya toshe ta, ba za ta ba ki sanyi ba. Na ji daɗin gaskiyar da ya gaya min don ita ta fi tsada. Muka auna da zaren nan muka zaɓi wadda za ta bar tazarar kamar yatsu uku ko ta ina tsakaninta da ƙaramar, ɗan adaidaita ya taya ni muka naɗe ta da buhu, ni na rungume ta a baya har gida ina ta ce masa malam a hankali da ramuka.

Da na iso na cika ta da ruwa na bar ta ta kwana a tsakar gida. Da safe jikinta duk ya yi damshi ya yi duhu amma ba ɗiga take ba, to haka ake so. In kika ga ruwa ya taru a ƙasa sosai akwai tsaga ko huda, ki duba, ƙaramar huda a gindi ana iya toshe ta da ɗan siminti a bari ya bushe, amma doguwar tsaga ki mayar kawai.

Sai rairayi. Na samo ne wajen masu gini a layinmu, yashin kogi, na roƙi bokiti biyu suka ba ni. Kar ki ɗebi jar ƙasa ko turɓayar tsakar gida, in ta jiƙe laka take zama ta toshe jikin randar, kuma tana wari. Na tankaɗe shi da tsohuwar rariya na fitar da tsakuwa da ƙiraruwa, sannan na zuba a baho na riƙa wankewa ina tsiyayewa har ruwan ya daina fitowa ja. Gaskiya nan ne wahalar aikin take, baya na ƙagewa, yarana ne suka taya ni, su abin wasa ya zame musu.

Wurin ajiyewa ki zaɓe shi tun kafin ki fara zuba komai, don in ta cika da jiƙaƙƙen rairayi mutum biyu ma da ƙyar su ɗaga. Inuwa ake so mai iska. Kar ki sa a cikin kicin kusa da murhu ko risho, kar kuma ki cusa ta a lungun sito inda iska ba ta shiga, ba za ta yi komai ba. Ni a ƙarƙashin rumfa na sa, wajen da iska ke ratsowa daga zaure, rana ba ta taɓa wurin ko da yamma. Na ɗora ta a kan ƙarfen randa mai ƙafa uku saboda iska ta riƙa bi har ta ƙarƙashi, in babu bulo uku ma sun isa, wasu tsohuwar taya suke sawa amma ni na ga taya na rufe gindin ne.

Haɗawar ba ta da wuya. Na fara zuba rairayi a gindin babbar, ina ɗora ƙaramar ina dubawa ina ƙarawa har bakinsu ya zo daidai da juna. Na toshe bakin ƙaramar da tsumma kar yashi ya zuba ciki, na riƙa zuba rairayin ta gefe da ƙaramin kofi ina zagayawa, ina ɗan dannawa da gindin muciya a hankali, ba da ƙarfi ba fa, tukunyar ƙasa ce. Na bar kamar yatsa biyu daga sama ban cika ba, wurin zuba ruwa kenan. Ruwan kuma da buta na zuba kaɗan kaɗan, in ya shanye in ƙara, saboda in kika kwarara shi gaba ɗaya tukunyar ciki tasowa take ta karkace, shi yasa ma na saka mata dutsen niƙa ƙarami a ciki ya danne ta har rairayin ya zauna. Da na ga ruwa ya daina shigewa ya ɗan kwanta a sama sai na tsaya, na rufe na bar ta ta kwana ba komai a ciki.

To murfin ne ya fi cin lokacina, kuma shi na fi so a duk aikin. Jiƙaƙƙen buhun algarara ma ya wadatar, ko tsohon tawul, amma ni akwai wani zanen atamfa na Kaka da ya zo hannuna, shuɗi mai ganye-ganye, wanda take ɗaurawa in za ta zauna tsinkar zogale, ya sha wanki har ya yi laushi gefensa ya fara zarewa, ba zai ɗauru ba kuma raina bai ba ni in mayar da shi tsumman goge-goge ba. Atamfar da ce ta auduga zalla, kina tsoma ta a ruwa take sha ta riƙe, ba irin ta yanzu mai roba-roba da ruwa ke zamewa a kai ba, in za ki gwada naki ɗiga masa ruwa ki gani, in ya tsaya a sama bai shige ba to nemi wani. Na kifa faifai a kan zanen na zana da alli na ƙara kamar tafin hannu ko ta ina don ya sauko ya rufe har rairayin, na yanka falle huɗu, na sa tsohon tawul a tsakiya, na bi da ɗinkin hannu daga tsakiya ina zagayowa har baki, sannan na kalmashe gefen. Ba ni da keke, kuma ko da akwai ina ga da hannun zan yi. Babbar 'yata ce ke zura min zare a allura, tana ta tambayata wai Umma wace ce ta fi iya tuwo ke ko Kaka, ni kuma ina ba ta labarin yadda take raba mana ƙanzo, yarinyar da ba ta wani san ta ba sai ga shi ta san kalar zanenta ta san tukunyarta. Guda biyu na ɗinka, in ɗaya na kai ɗaya na wanki. Faifan shi nake fara ɗorawa a bakin tukunyar sannan jiƙaƙƙen murfin a sama, don kar ƙyallen ya lotsa ya taɓa kaya.

Ƙyallayen da suka rage ma ban zubar ba. Na naɗe wasu na yi gammo biyu na ɗora tukunya mai zafi, wasu na ninka na yi abin sauke tukunya daga wuta, 'yan ƙananan kuma na ɗinka jakunkuna masu zariya na zuba kanumfari da citta da masoro na aika wa 'yan uwana mata, kowa ta samu ɗan yankin zanen Kaka a kicin ɗinta. Gwaggo da nata ya isa ta kira ni a waya ta kasa magana sai addu'a take ta yi.

Washegari da na zura hannu cikin tukunyar, gaskiya ba sanyin firji ba ne, kar wata ta sa ran ƙanƙara, sanyi ne mai damshi irin na ruwan randa da asuba, amma bambancinsa da waje a fili yake. Na zuba kaya. Ga abin da na lura da shi a wajen zubawa, kar ki wanke tumatir kafin ki sa, ki goge shi da busasshen tsumma kawai, in kuma dole sai kin wanke to ki baza ya bushe sarai. Ki tsince duk wanda ya fashe ko ya yi tabo ki yi miyar yau da shi, guda ɗaya ruɓaɓɓe ya isa ya ɓata sauran. Masu ƙarfi a ƙasa, nunannu a sama inda hannu zai fara kaiwa. Kar ki ƙulle komai a leda, gumi yake ya ruɓe. Ganye irin alayyahu da latas da lawashi ina naɗe su a ƙyalle mai tsabta in ɗora can sama, kuma ba na haɗa su da ayaba ko mangwaro, don waɗannan in suna nuna akwai iskar da suke fitarwa mai sa ganye ya yi rawaya da wuri, nunannen tumatir ma yana yi, shi yasa in kina da hali randa biyu ta fi, ɗaya ta ganye ɗaya ta kayan miya.

A gwajin da aka yi lokacin Malam Bah Abba, yalo ya kai kwana 27 a maimakon 3, tumatir da barkono sati 3 ko fiye, alayyahun da kwana ɗaya ke kashe shi ya kai kwana 12. Ni dai nawa tumatirin ya haura sati biyu lafiya lau da ƙarfinsa, attaruhu da tattasai sun fi haka ma, karas da kokwamba ba su yanƙwane ba, alayyahu kuma na ci sati ina tsinka. Ya danganta da yadda kayan suka zo miki tun farko, wanda ya sha rana da matsi a mota ba zai kai wanda aka tsinko jiya ba.

Abin da ba a sawa kuma, don Allah ki kiyaye, nama da kifi da madara da ragowar miya, sanyin bai kai ya tsare su ba, kar a jawo wa yara ciwon ciki. Maganin da likita yace a sa a firji shi ma ba nan ne wurinsa ba. Albasa da tafarnuwa kuma bushewa suke so, in suka ji damshi tsiro suke ko su ruɓe, su a kwando za ki bar su inda iska ke shiga.

Shayar da ita shi ne aikin kullum, safe da yamma, ni na haɗa shi da lokacin sallar asuba da la'asar don kar in manta, in zuba wa rairayin ruwa da buta in tsoma murfin in matse in mayar. Ranar da zafi ya yi tsanani da azahar ma ina taɓa murfin, in ya bushe in sake jiƙawa. In rairayin ya bushe ƙaf to kin koma tukunyar ajiya kawai. Ruwan ba wani mai yawa take sha ba, amma ya zama mai tsabta, ba ruwan wanke-wanke ba, sabulu da maiƙo na toshe jikin randa. Mu ruwan burtsatse muke amfani da shi, bayan wani lokaci sai na ga wani fari-fari ya fito a jikin babbar, gishirin ruwan ne ke taruwa, da busasshen soso mai ƙarfi nake kankare shi ta ci gaba da nasonta. Tururuwa ma sun zo neman damshi, sai na sa ƙafafun ƙarfen a cikin gwangwanayen madara na zuba ruwa a ciki, na kuma zagaya wurin da toka, suka daina. Duk sati nake kwashe kayan in goge cikin da tsumma in bar ta a buɗe ta ɗan sha iska saboda fumfuna. Yara kuma sai an ja musu kunne, don in ana buɗewa ana rufewa sanyin fita yake.

Magana ta gaskiya, randar nan ta rani ce. Da hunturu da bazara da iska ke bushe tana aiki sosai, amma da damina ta kankama, musamman watan takwas, iskar kanta a jiƙe take, ruwan jikin randar ba ya bushewa da sauri, sanyin sai ya ragu sosai, fumfuna kuma ta samu wuri. 'Yan uwanmu da ke zaune a Legas ko Fatakwal ko Kumasi ba na jin za ta musu yadda take mana a nan, amma mutanen Sakkwato da Katsina da Maraɗi da Damagaram ku kam taku ce. Shi yasa tun ana cikin arahar ban dogara da ita kaɗai ba, rabin kwandon nake yankawa in barbaɗa ɗan gishiri in shanya a kan tabarma mai tsabta a saman rumfa, in rufe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura, in ya bushe ƙarau ya zama kauɗa in zuba a bokiti mai murfi, tattasai ma haka, shi zai riƙe ni lokacin da tumatir ya yi tsada. In ruwa ya zauna kuma sai ki kwashe rairayin ki wanke ki shanya ki ɗaure a buhu, ki wanke randunan biyu su bushe sosai a rana, ki kife su a inda ba za a taka ba sai watan goma sha ɗaya in iskar hunturu ta fara kaɗawa ki sake haɗawa.